Ku Mayar Wa Bafaranshen Mutuwarsa, Ni Ina Raye

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin da ya shirya fim mai dogon zango, Hawayen Mai Burodi, a Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi maka sannu da aiki, kai da 'yan wasanka da masu riƙe maka kyamara da duk wanda yake cin abinci a ƙarƙashinka. Ina fata iyali suna lafiya. Ni ma ina lafiya. Wannan magana ta ƙarshe ba gaisuwa ba ce kawai, ita ce dalilin wasiƙar.

Sunana Lawali Mahamman, mutumin wani ƙauye da ke kudu da Maraɗi, yanzu direban motar kayan gwari a birnin Riyad. Sunan ba baƙo ba ne a wurinka. Shi ne yake fitowa a farkon kowane kashi na fim ɗinku da fararen haruffa a kan baƙin allo, ga hotona a gefe, ga wani bawan Allah mai daɗin murya yana roƙon Allah ya haskaka kabarina. Na gode da addu'ar. Gaskiya ne ɗakin da muke haya yana unguwar Al-Oud, daf da maƙabarta, in na leƙa taga ma ina ganin katangarta. To amma daf da ita nake, Alhaji, ba cikinta ba.

Ban so na yi wannan magana a bainar jama'a ba. Na kira lambar da kuka sa a ƙarshen fim, wanda ya ɗauka ya ce kana wurin ɗaukar wasa. Na sake kira, ya ce ka tafi ɗaurin aure. Na tura saƙon murya na yi bayani dalla-dalla, na faɗi sunana da na mahaifina da na ƙauyenmu. Amsar da ta dawo ita ce wai tun da fim ya karɓu dangin marigayi suke ta ɓullowa ta ko'ina, saboda haka in kawo shaida. Na ce ai ba dangin marigayi ba ne, marigayin ne da kansa. Sai aka turo mini ɗan hoton nan na hannu biyu a ɗage, aka toshe layina. Shi ya sa na fito fili. Zan bi maganar daki-daki, don kada a ce ɓacin rai ya sa na haɗa abin da bai haɗu ba.

Na ɗaya: littafin ba nawa ba ne.

Kun rubuta cewa ni na ƙirƙiri labarin. Ban ƙirƙira ba. Wani Bafaranshe ne ya rubuta shi tun kafin a haife ni, kuma shi kam ya mutu da gaske, tuntuni. Kamar yadda aka yi bayani a shafukan farko na wanda na mallaka, a jarida ya fara fitowa kashi-kashi, daga baya aka haɗa shi ya zama littafi, aka yi ta sake bugawa, aka juya shi zuwa harsuna iri-iri. Mutanensa sun yi fim ɗinsa tun zamanin da hoto ba shi da launi. Ko a nan Riyad na taɓa cin karo da shi da Larabci a wani shagon tsofaffin littattafai a Batha, da sunan mutumin a bango, ba a rage masa ko harafi ba. Duk inda littafin nan ya shiga a duniya, da ubansa ya shiga. Sai da ya iso hannunmu ya zama maraya.

Bari na faɗi labarin a taƙaice saboda waɗanda ba su san shi ba, kuma bisa ga abin da na kalla, har da ku. Wani ƙaramin gari ne na masunta a bakin teku. Kusa da garin akwai ɗan tsibiri da ba a iya taka ƙafa a je sai lokacin da teku ya janye, domin ruwan can yakan ja baya ya kuma dawo kowace rana a kan ƙa'ida. Aka tsinci gawar mai burodin garin a tsibirin. Aka turo wani tsohon sufeton 'yan sanda, mai ciwon gwiwa, wanda ba ya gudu, ba ya dambe, ba ya ɗaga murya. Aikinsa ya sami benci ya zauna ya saurari mutane. Ƙa'idarsa guda ce: duk wanda ya ba shi shaida, ba ya fara tambayar ko gaskiya ce, sai ya fara tambayar kansa abin da mai shaidar zai samu in an yarda da shi. Wanda ba zai sami komai ba, ya saurare shi. Wanda zai yi asara ya kuma faɗa duk da haka, to shi ne ya fi yarda da shi. Ka riƙe wannan ƙa'ida, Alhaji, za mu dawo kanta. A ƙarshe lokacin janyewar teku ne ya tona asirin mai kisan, kuma ba kowa ba ne face mutumin da ya fi kowa kuka ranar jana'iza. Wannan ma ka riƙe shi.

Na biyu: abin da na yi shi ne fassara.

A kasuwar Maraɗi na sayi littafin, a ƙasa, cikin tarin tsofaffin littattafan lakwal, wato makarantar boko, lokacin ina ɗan malamin makaranta ban ko yi aure ba. Na karanta shi ya shiga raina. Da aka ba da babban hutu na koma ƙauye, na riƙa juya shi Hausa da safe, bayan la'asar kuma in karanta wa mutanen gidanmu abin da na juya. Masu saurarena su ne mahaifiyata, wadda muke ce wa Inna, da yayana Habu, da ƙanena Sani. Inna tana ɓarar gyaɗa tana ji. Ba ta taɓa ganin teku ba, don haka na ce mata ta ɗauka Gulbin Maraɗi ne yake yin daminarsa da raninsa a cikin yini ɗaya. Ta ce ta gane, in ci gaba. Ta so tsohon sufeton nan ƙwarai, ta ce shi ne namijin farko da ta ji labarinsa wanda ya iya yin shiru. Kuma ita ce ta fara gano mai kisan, tun muna tsakiyar littafi, ni da na san ƙarshe ina ta ƙoƙarin ɓatar da ita.

Wani mai ƙaramar maɗaba'a a Maraɗi ya buga mini shi da sunan Sa'ar Da Teku Ya Janye. A bango na sa aka rubuta layi biyu. Layin sama: na marigayi wane, Bafaranshe, da cikakken sunansa. Layin ƙasa: fassarar Lawali Mahamman. Bai yi wata kasuwa ba. Abokai sun karɓi kyauta, malamai sun ara ba su dawo da shi ba, sauran kuma ɓeraye suka karanta a ɗakin Inna. Daga baya aikin koyarwa ya gagara riƙe gida, na bi ayari na zo nan. Yanzu da sassafe nake loda tumatir da kankana a kasuwar Aziziya, in rarraba wa masu shaguna a Suwaidi. Faransancin da na sani ba ya yi mini amfanin komai, sai in wani ɗan Sanagal ko ɗan Gini ya ɓata hanya.

Na uku: yadda na mutu.

Wannan sai bayan fim ɗinku ya fito na bi sawu na gano. Ashe wani ɗan kasuwa a Kano ya sami kwafi ɗaya ya sake bugawa, bai tambayi kowa ba. Ya cire hoton teku da ke bango ya sa na wata mace tana kuka da wata ƙatuwar wuƙa tana ɗigar jini, alhali babu wuƙa a labarin daga farko har ƙarshe. Wuƙar ta cinye wuri, layi biyu ba za su shiga ba. Sai ya cire sunan Bafaranshen, mai yiwuwa don yana da wuyar rubutu, ya cire kalmar fassara, ya haɗa abin da ya rage: na marigayi Lawali Mahamman. Ka ga yadda aka yi rabon gadon. An kori mutumin daga littafinsa, ni kuma aka bar mini mutuwarsa.

Ban sani ba ko ƙarancin wuri ne ko ganganci, adalci ya sa na ambaci duka biyun. Abin da dai na lura shi ne mamaci mutum ne mai sauƙin mu'amala. Ba ya kiran waya, ba ya zuwa ofis, ba ya cewa wa ya ba ku izini.

Saboda haka na yarda ba ku ne kuka fara ƙaryar ba, a bangon littafi kuka same ta. Amma Alhaji, fim ɗin bincike fa kuka yi. Kun ɗauki watanni kuna nuna wa jama'a yadda ake gano wanda ya kashe mai burodi, a cikinku ba a sami mutum ɗaya da ya tambayi abin da ya kashe mai littafi ba. Yaushe ya rasu? A ina aka binne shi? Ya bar iyali? Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hoton. Daga shafina na sada zumunta aka ɗauko shi. Wanda kuka sa wannan aiki sai da ya tsallake hotona na wancan makon, ina tsaye jikin mota riƙe da kankana ina dariya, ya tsallake na sallar bara da na bara waccan, ya gangara can ƙasa ya zaɓo wanda na ɗauka don fasfo, domin a cikinsa na fi kama da mamaci. Wannan yaro yana da ido. Ku ƙara masa girma.

Na huɗu: fim ɗin kansa.

Wata Juma'a bayan mun sauko daga masallaci, muna zaune a ɗaki ana dafa shayi, abokin zamana Bala, mutumin Zariya, ya kunna mana shi a wayarsa. Yana farawa sai ga hotona. Aka dubi waya, aka dube ni. Wani dattijo ɗan Damagaram da muke kwana ɗaki ɗaya ya ja tabarmarsa ya ɗan matsa. Tun daga ranar sunana Marigayi a Al-Oud da Aziziya. Masu lodi suna ce mini in yi musu addu'a tunda na riga su sanin hanya. Ban ji haushinsu ba, wanda yake ɗaukar buhu cikin zafin garin nan yana da haƙƙin ya yi dariya in ya samu.

Na kalli fim ɗin duka, don kada na soki abin da ban gani ba. Kun ɗauko labarin kun kawo shi Kano, ban ga laifin wannan ba. Sai dai Kano ba ta da teku, kuma tekun ne labarin. Tsibiri ya zama kango a bayan gari, wanda kowa ke iya shiga ya fita duk sa'ar da ya ga dama, har awaki. Tsohon sufeto mai ciwon gwiwa ya zama saurayi mai baƙin tabarau da ke tsallake katanga, ya mari wanda ake tuhuma kafin ya tambaye shi sunansa. Kun ba mai burodi 'ya, wadda ba shi da ita, don sufeto ya sami wadda za su yi waƙa da ita a cikin lambu, gawar ubanta ko sanyi ba ta gama yi ba. Tunda babu janyewar ruwa da za ta kama mai laifi, sai kuka sa sufeto ya gan shi a mafarki. Da mafarkin ma bai isa ba, mai kisan ya tashi da kansa a tsakiyar biki ya karɓi abin magana daga hannun mawaƙi ya tona wa kansa asiri, ba wanda ya tambaye shi. Da haka masu laifi suke, da 'yan sanda sun koma noma.

Amma zan faɗi alheri inda na gan shi. Matar da ta fito a matsayin matar mai burodi ta iya wasa, wurin da take share tanda bayan mutuwar mijin ta sa na ajiye kofin shayina. Hoton ya fita tas, sauti ma haka. Addu'ar farko kuwa, wallahi an karanta ta da kyau. An ce ni haziƙi ne, mai haƙuri, mai kishin harshensa, wanda ya tafi ya bar giɓin da ba za a cike ba. Ina raye ba a taɓa faɗa mini ko rabin wannan ba. Da abin ya tsaya a kaina ni kaɗai, da na bar muku. Mutumin da yake kwana a ɗaki ɗaya da ƙarti, ana kiransa da kai direba daga safe har dare, ba zai ƙi a yabe shi ba ko da a kabari ne.

Na biyar, kuma shi ne gaba ɗayan maganar: Inna.

Inna ta tsufa. Yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa. Samarin ƙauyenmu suka kalli fim ɗinku a shagon cajin waya, suka ga hotona, suka ji addu'a. Kafin Sani ya dawo daga gona an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, mata sun cika tsakar gida, liman ya zo. Matata da muka yi waya da ita a safiyar ranar tana ta rantsuwa, wata gwaggo tana ce mata ta yi haƙuri ta je ta cire 'yan kunne. Kafin magariba dai mutanen gari sun gane kuskure ne, kowa ya naɗe tabarmarsa ana dariya. Kowa ya gane ban da mutum ɗaya.

Dole na gaya maka wani abu na cikin gidanmu, wanda ban so ya fita ba. Ka san al'adarmu ta ɓoye wa tsofaffi mugun labari. Shekarun baya yayana Habu ya rasu a hanyar Libiya. A lokacin Inna tana kwance ba lafiya, manyan gida suka yanke shawara kada a gaya mata sai ta ji sauƙi. Sauƙin ya ƙi zuwa da wuri, ita kuma ta dame su da tambayar me ya hana Habu kira. Mu ukun muryarmu ɗaya ce, ta mahaifinmu, ko matanmu sukan ruɗe a waya. Sai aka riƙa sa Sani ya fita bayan gari ya kira ta a matsayin Habu, ya gaishe ta, ya ce aiki ne ya yi yawa. Aka daɗe ana haka. Ranar da ta gane, daga bakin wata baƙuwa mai tallan daddawa da ta yi mata gaisuwa ba ta san ana ɓoyewa ba, Inna ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta gode da tausayi, ta shiga ɗaki.

To yanzu ka gane inda aka kwana. Duk ranar da na kira ta, Sani take ji.

Na yi duk abin da ɗan Adam zai yi. Na gaya mata tabon da ke ƙaurina na hagu da itacen da na faɗo daga kansa. Ta ce Sani ya san wannan, ɗaki ɗaya muka tashi. Na tuna mata wata magana da muka yi mu biyu kaɗai ranar da zan taho, ta ce to ashe na gaya wa ƙanena kafin na rasu. Aka tsayar da Sani a gabanta, ta riƙe hannunsa, ni kuma na yi magana ta waya a lokaci guda. Ta ce ta ji jikokinta suna sauraren muryar da aka naɗa tun jiya, kuma ba ta san wane ɗan dangi aka koya wa aikin ba wannan karon. Aka kunna mata hotona mai motsi, ta shafa gilashin wayar da yatsa ta ce sanyi gare shi. Matata ta rantse, liman ya rantse, mai gari ya zo da kansa. Ta ce duk ta gode, irin waɗannan mutanen kirki ne suka rantse mata wancan karon.

Ka san hujjarta? Ƙa'idar tsohon sufeto, wadda ni na karanta mata da bakina tana ɓarar gyaɗa. Ta ce 'yan gida suna da abin da za su samu in ta yarda, wato kwanciyar hankalinta, don haka shaidarsu ba ta da nauyi. Amma wancan mutumin na cikin fim, Bakano, bai san ta ba, ba ta san shi ba, ba ya bin ta komai, me zai sa ya yi wa ɗanta addu'ar mamaci in ba gaskiya ba ne? An sa mata ta ji shi da kunnenta ranar da aka shimfiɗa tabarmi. A duk duniya yanzu mutum ɗaya Inna ta yarda da shi, kuma albashinsa a hannunka yake.

Ba ta fushi da ni in na kira, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Takan amsa da fara'a, ta tambaye ni zafin Riyad, ta tambayi abokan zama, ta biye mini har ƙarshe don kada ta kunyata yaron da take zaton yana wahalar da kansa saboda ita. In za mu rabu sai ta sa wa Sani albarka, ta ce ya iya, ya huta haka nan, ta riga ta karɓi hukuncin Allah. Akwai ragon da take kiwo tun yana ɗan ƙarami, da hannunta take ba shi dusa, ta ce na ranar da zan dawo ne. Ta sa an yanka shi an raba sadakar arba'in ɗina. Sani ya ce naman ya yi daɗi. Ya ce tun ranar abincinta ya ragu, kuma ta daina zama a bakin zaure inda takan jiyo tsayuwar motar Maraɗi.

Na shida: me ya hana ni zuwa ta taɓa fuskata?

Na san za a tambaya, kuma tambaya ce mai kyau. Wanda bai yi zaman ƙasar nan ba yana zaton mutum yakan ɗauki jaka ne kawai ya nufi filin jirgi. Iƙamata, wato takardar zamana, tana hannun masu sabuntawa. Ijaza kuma, hutun zuwa gida, sai kafil ya sa hannu, mutumin da nake aiki a ƙarƙashin sunansa. Ba mugu ba ne, ban taɓa kwana da yunwa a wurinsa ba, amma kalmar da ya fi ƙauna a duniya ita ce bukra, gobe. Na kai masa fim ɗinku har ofis na fassara masa addu'ar. Ya yi dariya har ya share hawaye da gefen rawaninsa, ya kira akawunsa ya zo ya gani, sannan ya ce bai taɓa jin mamaci ya nemi hutu ba, in bari kakar kankana ta wuce. In kuwa na fita ba da takardar dawowa ba, na fita ke nan, kuma yaran da ke makaranta a gida da motar nan suke karatu. Zan je, in Allah ya yarda. Abin da ban sani ba shi ne ko tsohuwar da ta rage cin abinci za ta jira kakar kankana.

Ga abin da nake nema.

Ba na neman komai na aljihunka, kada lauyanka ya wahalar da kansa. Na farko, ku cire hotona da addu'ar daga farkon fim. Na biyu, ku mayar da sunan Bafaranshen wurinsa. Yana nan a bugun Maraɗi, zan turo muku hoton bangon in kun buɗe layina. Labarin nasa ne, mutuwar ma tasa ce, ku ba shi kayansa duka biyu. Ni ku rubuta mai fassara, ya ishe ni.

Na uku shi ne wanda na rubuta duk wannan dominsa. Ina so mutumin nan mai daɗin murya, shi ɗin dai ba wani ba, ya fito a farkon kashi na gaba, a daidai wurin da ya binne ni, da muryar da ya binne ni da ita, ya ce Lawali Mahamman yana raye a Riyad yana tuƙa mota. Kada a rubuta a allo, Inna ba ta gani. Kada a turo wa Sani ko matata su kai mata, duk abin da ya biyo ta hannun 'yan gida ya lalace. Ku sake shi kawai yadda kuka saki na farko, ya bi ta shagon cajin waya, ya bi ta bakin samari da matan unguwa, ya shiga gidanmu ta ƙofar da mutuwata ta shiga.

Kuma kada a yi kwana-kwana. Kada a ce an sami ɗan saɓani, ko wai rahotanni sun nuna. Ya faɗa ƙarara cewa kamfaninku ne ya yi kuskure, ba ku bincika ba, kun ji kunya. Na san wannan zai yi maka ciwo, abokan sana'a za su yi maka dariya, za a yanko wurin a riƙa yawo da shi a waya. To ai ciwon shi ne maganin. Na ce ka riƙe ƙa'idar sufeto: wanda zai yi asara ya kuma faɗa duk da haka, shi ne abin yarda. Liman ba ya asarar komai in ya ce ina raye, mai gari ma haka, ni ma haka. Kai kaɗai ne za ka yi asara, don haka kai kaɗai Inna za ta ji. Kun fi kowa kuka a jana'izata, Alhaji, kuma na gaya maka ko wane ne wannan a cikin littafin. Kun ba naku mai laifin dama ya tashi a gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi ba tare da an matsa masa ba. Na yi muku dariya a kan wannan wuri. Yanzu na janye dariyar, ina roƙon ka yi koyi da shi.

Allah ya ƙara wa kamfaninka albarka, ya ba ka masu bincike kafin masu waƙa. Allah ya raya maka zuriya, ya bar maka mahaifiyarka in tana raye, ya jiƙanta in ta riga mu, kuma kada ya nuna maka ranar da za ka yi mata sallama ta amsa wa wani. Addu'ar da kuka yi mini kada ku goge ta, ku adana, ranarta tana nan tafe kuma zan so a karanta ta da wannan muryar. Roƙona ga Allah ɗaya ne, kada tsohuwar nan ta karɓi gaisuwar mutuwata sau biyu.

Wassalam.

Lawali Mahamman,
mai fassara, direba, mai rai,
Al-Oud, Riyad, ta wajen katanga.